Ƙaramin jarumi da sunansa: daga Simoyisiyos na Iliyada zuwa mayaƙan ƙasar Dandi

0. Gabatarwa

A cikin kowane labarin yaƙi na baka ana samun mayaƙa iri biyu: wanda aka gina labarin a kansa, da wanda aka ambata sau ɗaya tak, ko don a kashe shi, ko don a ƙidaya shi cikin rundunar wani. Masu nazarin adabi sun fi mai da hankali ga na farko. Wannan maƙala ta shafi na biyu, wanda za mu riƙa kira "ƙaramin jarumi". Da wannan laƙabi muna nufin ƙanƙantar wurin da aka ba shi a cikin matani, ban da maganar yawan jaruntakarsa a fagen fama.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa sunan ƙaramin jarumi shaida ce ta harshe, kuma ginin sunan yana taimaka wa mai bincike ya rarrabe tsakanin mayaƙin da mawaƙi ya ƙera da wanda ya gada daga tarihin wani gari. Za mu fara da misali guda daga Iliyada ta Homer, domin an daɗe ana nazarinsa kuma hanyoyin binciken sun fito fili. Daga nan za mu juya ga ƙasar Dandi, wato yankin Gaya da ke jihar Doso, inda Nijar da Benin da Najeriya suka haɗa iyaka, mu ga abin da waɗannan hanyoyi za su amfana mana. A cikin misalan Hausa muna nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi, karin sauti na ƙasa da alamar ( ` ), na sama kuwa ba shi da alama.

1. Wane ne Simoyisiyos?

Iliyada waƙar jarumta ce (épopée) ta tsofaffin Girkawa, mai babi 24 da ɗango 15,693, wadda galibin masana ke ɗora tsara ta a wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Tana ba da labarin ƴan makonni daga cikin shekara ta goma ta yaƙin birnin Turoya, a gaɓar yamma ta ƙasar Turkiyya ta yau. Mayaƙan da aka kashe a cikinta tare da faɗin sunayensu sun haura 200, kuma mafi yawansu ba a san su ba sai a daidai lokacin mutuwarsu.

Simoyisiyos ɗaya ne daga cikinsu. Yana ɓangaren mutanen Turoya, kuma labarinsa duka ya ƙare a ɗango 17 na babi na 4 (473-489). Ba a sake ambatonsa ba har ƙarshen waƙar. Abin da mawaƙin ya gaya mana shi ne: saurayi ne da bai yi aure ba, ɗan wani mai suna Antemiyon. Mahaifiyarsa ta gangaro daga dutsen Ida tare da iyayenta don duba garken tumaki, sai naƙuda ta kama ta a bakin kogin Simoyis, ta haife shi a can. Dalilin sunansa ke nan. Ayas ɗan Telamon, wanda Faransawa ke kira Ajax, ya soke shi da mashi a ƙirji ta hannun dama, mashin ya ɓullo ta kafaɗa. Mawaƙin ya ce kwanansa ya ƙare bai rama wa iyayensa renon da suka yi masa ba, sannan ya kwatanta faɗuwarsa da ta wani dogon itace mai santsin jiki da ke fitowa a fadama (peuplier), wanda masassaƙi ya sare don ya lanƙwasa shi ya yi ƙafar keken doki, ya bar shi yana bushewa a bakin kogi.

Charles Beye (1964) ya nuna cewa irin wannan gajeren labari yana bin tsari mai kashi uku, wanda ake maimaitawa sau da dama a cikin Iliyada:

(1) a. sanarwa: wane ya kashe wane;
b. asali: uba, uwa, gari, sana'a ko wata ƴar hikaya;
c. bayanin sara ko suka da yadda mutum ya faɗi.

Abin lura a nan shi ne, kashi na (b) ya dogara kacokan a kan sunan. An haife shi a bakin kogi, an ba shi sunan kogi, an kwatanta gawarsa da itacen bakin kogi. Idan aka cire sunan, hikayar ba ta da abin tsayawa.

2. Ginin sunan

Sunan kogin a Girkanci shi ne Simoeis, tushensa kuwa Simoent-. Idan aka liƙa masa ɗafa-ƙeya -ios, mai nuna dangantaka, sai a sami matakai kamar haka:

(2) Simoent- + -ios > *Simoentios > *Simoensios > Simoeisios

A mataki na biyu /t/ ya koma /s/ a gaban /i/. Mai nazarin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, tun da shi ma ya san yadda /t/ ke komawa /c/ a gaban /i/ ko /e/, alal misali mootàa da mootoocii. A mataki na uku /n/ ya faɗi, wasalin da ke gabansa ya tsawaita don cike gurbin. Abin da aka rubuta ei dogon wasali ne. Ma'anar sunan ke nan "na kogin Simoyis". Da Bahaushen yamma ne ya raɗa shi, da sai ya ce Nagulbi. Irin wannan suna na yanayin haihuwa ba baƙo ba ne gare mu: muna da Anaruwa, Nomau, Citumu, Ɗanladi da sauransu.

Wannan ƙira ba a kan Simoyisiyos kaɗai mawaƙin ya yi amfani da ita ba. A babi na 14 akwai Satniyos, wanda aka haifa a bakin kogin Satniyoyis lokacin da ubansa Enops ke kiwon shanu. Shi ma wani Ayas ɗin, ɗan Oyileyus, shi ya soke shi. A babi na 5 akwai Skamandiriyos maharbi, mai sunan kogin Skamandar. Ke nan mawaƙin yana da ƙira a hannunsa: sunan kogi, da ɗafa-ƙeya, da hikayar haihuwa wajen kiwo.

Sunan uban ma abin dubawa ne. Antemiyon ya fito daga anthemon, wato "fure". A ɗango na 488 an kira saurayin Anthemides, "ɗan Antemiyon", alhali ƙa'ida za ta ba da *Anthemionides. Dalilin gajartawar yana cikin ma'aunin waƙar. Ɗangon Homer yana da ƙafa shida, kowace ƙafa kuwa ko dai gaɓa mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, ko masu nauyi biyu. Gaɓa marar nauyi guda ɗaya tilo ba ta iya zama tsakanin masu nauyi biyu, kuma haka ƙarshen *Anthemionides yake (ō-ni-dēs). Saboda haka aka datse kalmar. An yi wa Idomeneyus ɗan Dukaliyon haka nan, aka kira shi Deukalides. Wannan yana cikin abin da Milman Parry ya bayyana a kundin digirinsa da ya rubuta da Faransanci ya gabatar a Sorbon a 1928, L'Épithète traditionnelle dans Homère: mawaƙin baka yana zaɓar siffar suna da kirarinsa gwargwadon gurbin da ya rage masa a ɗango.

Akwai kuma ƙira ta biyu, wato harɗaɗɗen suna mai farawa da aikatau. Mayaƙin da aka fara kashewa a gumurzun babi na 4, ɗan lokaci kaɗan kafin Simoyisiyos, sunansa Ekhe-polos, "riƙe-dawaki". Haka Mene-laos, "jure-runduna", da Arkhe-lokhos, "ja-rukuni". Hausa tana da wannan gini, inda aikatau ke ɗaukar karin ƙasa: hànà-sallà, cìi-raani, sannan a laƙabin mayaƙa Cìi-gàri da Fàsà-tàaro. Faransanci ma yana da shi a porte-drapeau da kuma Taillefer, "yanke-ƙarfe", mayaƙin nan mawaƙi da aka ce ya halarci yaƙin Hastings a 1066.

3. Ƙaramin jarumi iri biyu

Duk alamun da muka gani suna nuna cewa Simoyisiyos ƙirar mawaƙi ne: sunansa a bayyane yake, ya dace da hikayarsa daidai wa daida, an gina shi da ƙirar da aka yi amfani da ita wajen wasu, kuma ba shi da wani aiki a waƙar sai mutuwa.

Amma akwai wani ƙaramin jarumin da al'amarinsa ya bambanta. A babi na 2, cikin jerin jiragen ruwa na Girkawa, inda aka lissafa runduna 29 da jirage 1,186, an ambaci Purotesilawos na garin Filake. An ce shi ne ya fara dira daga jirgi a gaɓar Turoya, aka kashe shi nan take, ya bar mata cikin makoki da gida da bai gama ginawa ba. Ƙanensa Podarkes ya ja jiragensa 40. Wurin da aka ba shi bai wuce na Simoyisiyos da yawa ba. Sai dai a wajen waƙar, Purotesilawos babban mutum ne. Yana da hubbare a Elayus, a mashigin Dardanel, inda ake kai masa hadaya. Herodotus ya ba da labarin wani hakimin Farisa mai suna Artayiktes da ya washe dukiyar hubbaren, Girkawa suka kashe shi a kan haka bayan yaƙin 479 kafin haihuwar Annabi Isa. Iskandar Mai Girma ma ya yi yanka a kabarin a shekara ta 334, kafin ya ƙetara zuwa Asiya.

Ke nan muna da iri biyu:

(3) a. ƙaramin jarumi na ƙira: mawaƙi ne ya gina shi daga kayan harshe;
b. ƙaramin jarumi na aro: babba ne a garinsu, ya ƙanƙance ne don ya shigo labarin wasu.

Wajibi ne mu yi hattara da abu ɗaya. Bayyanar ma'anar suna ita kaɗai ba ta isa hujjar cewa ƙirƙirarsa aka yi ba. Bayan Michael Ventris ya warware rubutun allunan yumɓu na Maisina (linéaire B) a 1952, an ga sunaye irin e-ko-to da a-ki-re-u, wato Hektor da Akiles, a kan talakawan mutane da suka rayu ƙarnuka kafin Homer. Mawaƙi na iya ɗebo sunaye daga waɗanda jama'a ke raɗa wa ƴaƴansu. A Hausa ma Bawa Jan Gwarzo, sarkin Gobir na ƙarni na 18, mutum ne na tarihi duk da cewa laƙabinsa a fili yake. Don haka sai an haɗa shaidar suna da wasu shaidu.

4. Ƙasar Dandi: yaƙi ɗaya, bakuna da yawa

Gaya tana bakin kogin Kwara, wanda Zabarmawa da Dandawa ke kira Isa Beri, "babban kogi". A ƙetare akwai Malanbil ta ƙasar Benin, ta gabas kuma Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Ana jin Dandanci da Zabarmanci, waɗanda duka rassan Sanwai ne (songhay), ana jin Hausa da Fulatanci, ga kuma Kyanganci, harshen Kyangawa ko Cangawa, na dangin Mande, ɗan'uwan Busanci da Bokanci. Olivier Walther (2012) ya ruwaito cewa labaran kafa Gaya sun kasa mutanen garin biyu: Kyangawa masu ƙasa, waɗanda ke danganta kafa garin ga Kokowa Manzon, da ƴaƴan sarautar Sanwai da suka zo daga baya suka riƙe mulki. Zuwan na biyun yana da nasaba da faɗuwar daular Gawo a yaƙin Tondibi na 1591, lokacin da Askiya Nuhu ya ja ragowar rundunar zuwa kudu ya ci gaba da yaƙar Marokawa daga Dandi.

A ƙarni na 19 yankin ya shiga yaƙin da ya fi barin sunaye a bakin maroƙa. A 1849 Yakubu Nabame, ɗan sarkin Kabi Karari, ya yi wa Sakkwato da Gwandu tawaye daga Argungu, kuma Arewa da Zabarma da Dandi suka mara masa baya. An kashe Nabame a 1854, amma ƙawancen ya ɗore har aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a wajen 1867, zamanin sarkin Kabi Abdullahi Toga. A ɓangaren Zabarma, manyan mayaƙan su ne Dauda Bugaran na Doso da Isa Korombe na Koygolo, waɗanda suka kori sarautar Fulani ta Tamkalla daga Dallol Boso. Shekaru da yawa bayan haka Bayero, magajin gidan Tamkalla, ya dawo da taimakon mutanen Futa na Ahmadu Seku da mayaƙan Alburi Njay, waɗanda Faransawa suka koro daga yamma. A 1896 aka gwabza a Bumba, inda Dallol Boso ke faɗawa cikin kogi, a sama da Gaya, aka kashe Isa Korombe a can.

Yanzu mu dubi matsayin waɗannan mutane a bakin masu ba da labari. A wurin jasare, wato maroƙan gado na Zabarmawa irin su Jado Seku, Isa Korombe shi ne tsakiyar labari, har ana yi masa laƙabi da Wangunya, "uwar yaƙi". A tarihin sarakunan Kabi kuwa, inda ginshiƙan su ne Kanta da Nabame da Sama'ila (1883-1915), Isa da Dauda abokan ƙawance ne da ake ambata a gefe. Al'amarin Alburi ya fi ban mamaki. Shi ne sarkin Jolof a Senegal daga 1875 har Faransawa suka ci babban birninsa Yang-Yang a 1890. Gwarzo ne na ƙasa a can, kuma a kansa Cheik Aliou Ndao ya rubuta wasan kwaikwayon L'Exil d'Albouri (1967). A labaran Dallol kuwa baƙon mayaƙi ne a sansanin Bayero, a rubuce-rubucen tarihin Nijar an fi kiransa Ali Bori, kuma sunan danginsa Njay, wanda shi ne abin da maroƙin Wolof ke fara kamawa, yakan faɗi a hanya. Wannan shi ne iri na (3b) sak: Purotesilawos na Dallol. Ƙanƙantar jarumi ta dogara ga harshen da ake ba da labarin a cikinsa da fadar da ake yi wa roƙo.

5. Sunayen Dandi a matsayin shaida

Sunayen da aka fi adanawa a rubuce daga Gaya su ne na sarakunan Dandi na ƙarni na 18 da na 19, kamar yadda Turawan mulkin mallaka suka jera su. Ko da yake sarakuna ne, ginin sunayensu yana nuna mana ƙirar da za mu tarar a sunayen mayaƙansu:

(4) a. Samsu Beri, Samsu Kayna: suna + sifa ta Sanwai, beeri "babba", kayna "ƙarami";
b. Basaru Misi Ize: ize "ɗa", yana bin sunan mahaifi;
c. Koyze Babba: koy "sarki, mai abu" + ize, wato "ɗan sarki";
d. Wankoy: wangu "yaƙi" + koy, irin sarautar da aka sani a Zabarma;
e. Fodi Mairunfa: siffar Hausa, mài + rùmfaa;
f. Biyo Birma: Biyo yana cikin sunayen jerin haihuwa na Bargawa, ana ba ɗa namiji na uku.

A jeri ɗaya, a gida ɗaya, mun sami harsuna uku. Haka kuma mun ga bambancin tsari tsakanin manyan harsunan biyu na yankin. Sanwai yana sa kalmar dangantaka a ƙarshe, kamar yadda Girkanci ke yi da -ides da -ios: Misi Ize, Koy-ze, da Korombeyze da ake ji a cikakken sunan Isa. Hausa kuwa a farko take sa ta: Na-bame, Na-gwamatse, Ɗan-baskore, Mai-runfa. Saboda haka, ko da mai bincike bai gane tushen suna ba, gefen da ɗafin ya zauna yana gaya masa a bakin wa aka raɗa shi.

Daga nan muna iya tsara tambayoyi huɗu da za a yi wa sunan kowane ƙaramin jarumi da ya fito a labari:

(5) a. Shin ana fahimtar sunan a harshen da ake ba da labarin?
b. Shin ma'anarsa ta dace da rawar da mutumin ya taka fiye da kima?
c. Shin yana fitowa a bakin mai ba da labari fiye da ɗaya, a gari fiye da ɗaya?
d. Shin akwai gari, ko unguwa, ko kabari, ko zuriya da ke da'awarsa?

Idan amsar (a) da (b) ta zama i, ta (c) da (d) ta zama a'a, to mun kusanci irin Simoyisiyos. Idan aka sami akasin haka, mun kusanci irin Purotesilawos. Tambaya ta (a) ita ce mafi muhimmanci ga ƙasar Dandi. Maroƙi yana ƙera suna ne da kayan harshen da yake ji; ba ya ƙera abin da shi kansa bai gane ba. Don haka sunan da ba ya fassaruwa da Hausa ko Dandanci a cikin labarin Hausa ko Dandanci, akwai kyakkyawan zaton gadonsa aka yi. A yankin da mafi yawan Kyangawa suka koma magana da Hausa da Dandanci, har harshensu ya rage a ƴan ƙauyuka kaɗan, irin waɗannan sunaye suna cikin wuraren da ya kamata a nemi sauran kalmomin Kyanganci. Harshen jasare ya riga ya nuna mana cewa haka na faruwa: a kiran kakanni suna riƙe da kalmomin asalin Soninke da sauran Zabarmawa ba sa amfani da su.

Kwatance yana da nasa tarkon. Wanda ya karanta labarin Simoyisiyos, ya kuma san cewa isa na nufin "kogi" a Zabarmanci, kuma a bakin kogi Isa Korombe ya faɗi, zai iya ɗaukar cewa ya samo jarumi mai sunan kogi a Bumba. Ba haka ba ne: sunan Annabi Isa ne da ya zo ta Larabci, kamannin sauti kawai ya haɗa su. Abin da muke ara daga nazarin Homer hanyar bincike ce, sakamakon kuwa sai abin da kayan yankin suka bayar.

6. Abin da rubutu ke ɓatarwa

Duk wannan aiki yana buƙatar a ji sunan yadda aka furta shi. A nan ne rubutun Faransanci na zamanin mulkin mallaka ya bar mana matsala, domin ba ya nuna tsawon wasali, ko karin sauti, ko haruffa masu ƙugiya. A jerin sarakunan da muka ambata akwai wanda aka rubuta "Koïzé Babba Baki". Idan muka ɗauka kalmar ƙarshe Hausa ce, tana iya zama ɗaya daga cikin uku:

(6) a. baƙii "noir"
b. bàakii "bouche, bord"
c. bàaƙii "étrangers"

Ta tsakiya kuma tana iya zama bàbba "grand" ko bàaba "père". Kowane zaɓi yana ba da mutum dabam da hikaya dabam. Bugu da ƙari, Zabarmanci da Dandanci ba su da sautin /ƙ/, saboda haka sunan Hausa da ya bi ta bakin mai jin Dandanci kafin ya isa kunnen tafinta ya riga ya rasa ƙugiyarsa tun kafin a rubuta shi.

Matsala ta biyu ita ce taƙaitawa. Jerin sunaye yana gundurar mai karatu, shi ya sa mai juyar da faifai zuwa takarda yakan so ya rubuta biyu ko uku ya ƙara "da sauransu". Marubucin Tarihin Kano bai yi haka ba: a ƙarƙashin sarakuna irin Kumbari (1731-1743) ya jera jarumai ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan jeri ya iso gare mu ta fassarar Palmer ta 1908 da ta Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A fannin Girkanci, Paul Wathelet ya buga ƙamus sukutum a 1988 a kan mutanen Turoya da aka ambata a Iliyada, manya da ƙanana, kowane da bayanin ginin sunansa. A Nijar ma akwai tushe: littafin Jeanne Bisilliat da Diouldé Laya na 1972 a kan zamu, wato waƙoƙin da ake yi wa sunaye a Zabarma, ya nuna cewa al'ummar da kanta tana ɗaukar suna a matsayin abin yi wa waƙa.

Matsala ta uku iyaka ce. Tun daga yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 aka fara raba ƙasar da ta yi yaƙi a matsayin ƙawance ɗaya. Labarin Kabi ya tafi takardun Ingilishi da Hausa a Najeriya, na Zabarma da Dandi ya tafi na Faransanci a Nijar da Benin. Mutum ɗaya na iya fitowa da rubutu biyu ko uku, a ɗauke shi mutane dabam-dabam. Tambaya ta (5c) ba ta amsuwa sai an haɗa ɓangarorin.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ƙaramin jarumi iri biyu ne, na ƙira da na aro, kuma ginin suna shi ne matakin farko na rarrabe su. Mun ga kuma cewa a ƙasar Dandi suna yana ɗauke da alamar harshen da ya raɗa shi, ta wurin zaman ɗafi da ta sautukan da ya riƙe ko ya rasa. Saboda haka muna ba ɗaliban da ke shirin aikin fili a Gaya da kewayenta shawara kamar haka. Na farko, a ɗauki jerin sunaye gaba ɗaya, kada a datse ko ɗaya, kuma a adana muryar tare da rubutun. Na biyu, a rubuta kowane suna da tsawon wasali da karin sauti da ƙugiya, a bar shi a harshensa ba tare da fassara ba a cikin matanin. Na uku, bayan an gama labari, a koma wa mai ba da shi a tambaye shi sunayen ɗaya ɗaya: ɗan wane gari ne, me sunan ke nufi, da wane harshe, su wa ke da'awarsa a yau. Na huɗu, a kai jerin da aka samu a Gaya zuwa Tanda da Karimama da Kamba da Argungu da Doso, a ga wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Ya kamata kuma a sake sauraren faya-fayen da ke ajiye a IRSH da CELHTO a Yamai da wannan niyya, domin sunayen da aka tsallake a takarda suna nan a cikin murya. Ƙarshen aikin shi ne ƙamus na mayaƙan Dandi da Kabi da Zabarma, wanda masu nazarin harshe da na tarihi na ƙasashen uku za su yi tarayya a kansa.